Benci Ya Cika, Zumunci Ya Yi Sanyi: Nazarin Wata Ikilisiya a Zariya

Ikilisiyar da za a yi magana a kanta tana nan a Zariya har yau, tsakanin Sabon Gari da hanyar Samaru. Na ɓoye sunanta da ɗarikarta da sunayen mutanenta, domin waɗanda abin ya shafa suna raye, wasunsu ma ba su daɗe da komawa gaisawa da juna ba. Na riƙe mata littafi a matsayin magatakarda na wasu shekaru, saboda haka lissafin da ke ƙasa daga littafin halarta ne da takardun zaman dattawa, sauran kuma abin da ido ya gani.

Asalin ikilisiyar

Kiristanci ba baƙo ba ne a ƙasar Zazzau. Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS, ƙungiyar masu bishara ta Angalikan daga Ingila, ya zauna a cikin birnin Zariya tun 1905, a 1929 kuma aka mayar da mishan ɗin Wusasa, inda cocin St. Bartholomew yake tsaye har yanzu da gininsa irin na Hausa. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932. Da jirgin ƙasa da barikin soja da Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, suka jawo ma'aikata daga Kudancin Kaduna da Filato da Adamawa da Gombe da Borno, Hausa ce ta haɗa su a wurin sujada, ko da yake kowa da yarensa a gida.

Irin waɗannan mutane ne suka kafa ikilisiyar a shekarun 1970: masu gadi, teloli, leburorin jami'a, matan sojoji, tare da Hausawa masu bi da suka shigo gari daga ƙauyukan Giwa da Ikara da Soba. A zauren wani kafinta aka fara. Rikicin watan Maris na 1987, wanda ya taso daga Kafanchan ya bazu har Zariya, ya ci rufin majami'ar da bencinta. Tsofaffi suna ba da labari cewa Lahadin da ta biyo baya a gindin darbejiya aka yi sujada, kowa da tabarmarsa, mata kuma su suka yi ta ɗiban ruwa a ka har aka sake ginin.

Tsarin mako a lokacin bai da wani ƙyale-ƙyale. Addu'ar asuba da ƙarfe 5:30, binciken Littafi Mai Tsarki ran Laraba da yamma, Zumuntar Mata ran Talata, 'yan ƙungiyar Sabon Rai su fita bishara ran Asabar. An raba membobi unguwa-unguwa, kowane dattijo da gidajen da ke wuyansa. Idan mutum bai zo sujada Lahadi biyu a jere ba, kafin ta uku zai ji sallama a ƙofarsa. Babu wanda ya rubuta wannan a matsayin doka.

A shekarar 2009, inda wannan nazari ya fara, manya wajen 380 ke zuwa sujadar Lahadi, kimanin 120 ran Laraba, addu'ar asuba kuma ba ta kasa mutum 60.

2009 zuwa 2011: an ɗauko gini

Majami'ar ta yi kaɗan, gaskiya ne. Yara suna zama a ƙasa, masu makara suna tsayawa a taga. A ƙarshen 2009 aka yanke shawarar gina sabuwa mai bene a ciki, aka kafa kwamiti, aka yi ƙaddamarwa da babban baƙo da uban taro da uwar taro.

Daga nan sujadar Lahadi ta soma sauya kama. Baiko, wato kuɗin da ake bayarwa a lokacin sujada, ya tashi daga ɗaya zuwa uku, wata rana huɗu: na yau da kullum, na gini, na godiya, sai kuma na musamman idan siminti ya ƙare. Ana karanta sunayen masu alkawari da adadin kuɗinsu daga kan mumbari, a tafa wa mai yawa, a wuce mai kaɗan da sauri. Sanarwa takan ci minti arba'in, wa'azi ya samu ashirin.

A zaɓen dattawa na 2010, huɗu daga cikin tsofaffin dattawa bakwai suka faɗi. Waɗanda suka hau malaman jami'a ne da manyan ma'aikata da ɗan kwangila ɗaya. Hujjar da aka bayar ita ce gini yana bukatar waɗanda suka san takarda, kuma babu wanda ya yi gardama. Sai dai sababbin dattawan suna zaune nesa, wasu a Hanwa, wasu a Palladan, aikin ofis ya riƙe su har yamma. Wani tsohon tela daga cikin waɗanda suka sauka kuwa, shagonsa a bakin hanya yake, rabin ikilisiya ta gabansa take wucewa kullum. Na koma na duba takardun zaman dattawa na 2011: zama goma sha biyu, maganar rodi da bulo da kwano a kowane ɗaya, maganar marasa lafiya sau biyu, ita ma a ƙarƙashin "sauran batutuwa".

Yuni 2012: katanga da ƙofa

Rikicin bayan zaɓe na watan Afrilun 2011 ya riga ya sa wasu iyalai sun kwashe kaya daga unguwannin da suka daɗe a ciki. Sai kuma ran Lahadi 17 ga Yuni, 2012, aka tayar da bam a babban cocin Katolika na Christ the King a Sabon Gari da cocin ECWA Good News a Wusasa, da wani cocin a Kaduna. Aka kafa dokar hana fita a jihar.

Ikilisiyar ba ta cikin waɗanda aka kai wa hari, amma tsoro ya shiga. Aka karkatar da kuɗin gini aka zagaye fili da katanga, aka sa ƙofar ƙarfe da shingen ganguna cike da kankare. Matasa suka koma masu binciken jiki a bakin ƙofa, aka hana mata shiga da jaka, motoci kuma a ajiye su can nesa. Dattawa suka dakatar da addu'ar asuba da addu'o'in gida-gida da fita bishara, a takarda an rubuta "na ɗan lokaci". Binciken Laraba aka dawo da shi ƙarfe 4 na yamma don a tashi kafin duhu, lokacin da ma'aikata da 'yan kasuwa ba su taso ba.

A watan Yulin 2012 masu zuwa Lahadi sun ragu zuwa wajen 200. Kafin ƙarshen 2013 sun koma 350. An sake buɗe addu'ar asuba a 2013, mutum 20 zuwa 25 ke zuwa. Addu'o'in gida-gida ba a sake ɗaga maganarsu a zaman dattawa ba. Baƙon da ya zo ƙofa kuwa, tambayar farko da yake ji ita ce, "Wurin wa ka zo?"

2014 zuwa 2016: sujada biyu

Ɗaliban jami'a da na kwalejin ilimi sun yi yawa, da yawansu Hausarsu ta kasuwa ce kawai. A 2014 aka raba sujada: ta Turanci ƙarfe 7 na safe, ta Hausa ƙarfe 10. Fasto yakan yi wa'azi a ta Turanci, inda manyan masu bayarwa suke, ta Hausa kuma a bar wa mataimaki ko duk dattijon da ya samu sarari. Sau da yawa sujadar farko takan wuce lokacinta, tsofaffi su zauna a rana a gindin katanga suna jira a fito. Matasa suka laƙaba wa ta biyu suna "sujadar su kaka".

Makarantar Lahadi ta yara ta koma Turanci gaba ɗaya. Wata tsohuwa ta taɓa ce mini jikanta ya dawo da ayar haddace, ya karanta mata, ita ba ta ji ko kalma ɗaya ba, shi kuma da ta buɗe masa nata Littafin bai iya haɗa baƙi ba. Mawaƙa ma suka rabu biyu. Waƙoƙin da Zumuntar Mata ke yi da tulu da caki suka zama abin da ake kira a yi ranar biki.

An buɗe sabon ginin a ƙarshen 2016, ba a gama silin da benen ba. Sujadu biyun a haɗe sun kai mutum 520, adadi mafi yawa da ikilisiyar ta taɓa gani. A wannan shekarar addu'ar asuba mutum 11 ne, Laraba 35. Waɗanda aka yi wa baftisma duk 'ya'yan membobi ne, babu ko ɗaya daga waje. Rahoton shekara da ni na rubuta da hannuna ya ce ikilisiya tana ci gaba ta kowane fanni.

2017: abubuwa biyu da suka fasa ƙwai

Na farko, wata yarinya 'yar mawaƙa ta yi ciki. Aka kira sunanta a gaban jama'a, aka sa ta ƙarƙashin horo, aka zaunar da ita a bencin baya, aka hana ta Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke ci tare don tunawa da mutuwar Almasihu. Uwarta mai sayar da ƙosai ce. Yaron da ya yi cikin ɗan wani dattijo ne, kowa ya sani, a makon nan aka tura shi wurin kawunsa a wani gari. Ba a ambaci sunansa ba ko sau ɗaya, a mumbari ko a takarda.

Na biyu, kuɗin rufi. Ma'aji ya ce abin da ya fitar ya fi abin da rasit ya nuna. Shugaban kwamitin gini ya ce ƙazafi ne. Da yake su biyun ba ƙabilarsu ɗaya ba, cikin wata guda magana ta bar kan kuɗi ta koma "mutanenmu" da "mutanensu". Fasto ya ce a bar wa Allah, a rufe maganar saboda sunan ikilisiya. An rufe ta a takarda. A cikin majami'a kuwa sai ka ga wannan sashe na benci na su wane ne, wancan na su wane. Lokacin gaisuwar salama wasu sukan duƙufa neman wani abu a cikin Littafin Waƙoƙi har a gama. Masu cin Jibin Ubangiji suka ragu da kusan rabi, wasu don fushi, wasu kuma don lamirinsu bai bar su su ci da gaba a zuciya ba.

Kafin shekarar ta ƙare, iyalai goma sha ɗaya sun koma wasu majami'u. Babu wanda ya je ya tambaye su dalili.

2018 zuwa 2019: abin da aka gwada

Yanzu kowa ya yarda akwai matsala. Kalmar da ake amfani da ita ita ce "sanyi": ikilisiya ta yi sanyi, mutane sun ja da baya. Aka yi ta wa'azi a kan Wahayi sura 2 da 3, ikilisiyar Afisa da ta bar ƙaunarta ta fari, da ta Lawudikiya da ba ta da zafi ba ta da sanyi.

Abu na farko da aka yi shi ne taron falkaswa, wato na farkar da masu bi, na kwana bakwai, a watan Maris na 2018. An gayyato mai wa'azi daga Jos, an buga fosta, an yi hayar rumfa da kujeru. Fili ya cika, an yi kuka, mutum 90 suka fito gaba don sabunta alkawari, aka ba kowa kati ya rubuta sunansa da unguwarsa da lambar waya. Larabar farko bayan taron mutum 80 suka zo. Bayan mako shida an koma 35. Katunan nan na same su shekara biyu bayan haka a cikin kwali a bayan kabad ɗin ofis, gara ta ci rabinsu, ba a taɓa kiran lamba ɗaya ba.

Na biyu, kayan kiɗa. An ce matasa suna gudu ne zuwa sababbin coci-coci saboda kiɗa, don haka aka sayi sabon piyano da ganguna da manyan sifika da janareta. Sujadar Turanci ta ƙara armashi, matasa sun ji daɗi, wasu ma sun dawo. Ana gama waƙe-waƙe sai ka ga layi guda ya zare jiki ya fita kafin wa'azi.

An kuma sa azumin kwana 21 a watan Janairun 2019, an fito da rajistar sa hannu ran Laraba, Zumuntar Mata ta ɗora tara a kan makara da fashi. Tarar ta kori matan da ba su da kuɗin biya, domin wadda bashin mako uku ya hau kanta kunya ba ta barinta ta leƙo a na huɗu. Wa'azi ya koma faɗa, ana zazzaga wa waɗanda suka zo saboda laifin waɗanda ba su zo ba.

A ƙarshen 2019 hukumar ɗarika ta yi sauyin fastoci. Wanda aka kawo dattijo ne, ya yi yawancin aikinsa a ƙauyuka, Turancinsa daidai gwargwado, maganarsa a hankali. 'Yan sujadar safe ba su ɓoye rashin jin daɗinsu ba. A lokacin masu zuwa Lahadi sun sauko wajen 400.

2020: rasuwar wata gwauruwa

A ƙarshen Maris na 2020 gwamnatin Jihar Kaduna ta rufe gari saboda cutar korona, har da wuraren ibada, sai a watan Yuni aka sassauta. Matasa suka riƙa ɗaukar wa'azi suna turawa a WhatsApp. Wanda wayarsa ƙarama ce mai tocila, shi da ikilisiya sai labari.

A cikin watan Mayu, wata rana da hantsi, wani saurayi ya zo yana buga ƙofar majami'a. Maigadi ya ƙi buɗewa har sai da ya faɗi abin da ya kawo shi: wata tsohuwa ta rasu a gidansu a Muciya, sun san Kirista ce, sun ji ta taɓa ambaton wannan majami'ar. Tun jiya suke neman wanda za su gaya wa.

Ni da sabon faston, wanda muke kira Baba Fasto, muka bi shi a babur. Gidan haya ne, ɗakuna shida, duk sauran mazaunan Musulmi. Matar mai gidan ta tarbe mu a tsakar gida, ta shimfiɗa mana tabarma, aka gaisa, aka yi ta'aziyya. Sannan ta ce, "Malam Fasto, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Tun kafin a rufe gari Mama take kwance, wata huɗu ke nan. Mu muke dama mata kunu, 'yata ke yi mata wanki. Wallahi mun ɗauka ba ta da kowa."

Baba Fasto bai ce komai ba. Ya juyo ya tambaye ni ko na san ta. Na san ta. Tana cikin matan da suka ɗebi ruwa a 1987, sunanta yana shafi na biyu a littafin membobi, kuma ni ne nake sa alama a gaban sunanta kowane wata ba tare da na ɗaga kai na duba ko tana nan ba.

A ɗakin akwai gado na ƙarfe, kwanuka a jere, da Littafin Waƙoƙi da bangonsa ya fita. Matar mai gidan ta ɗaga filo ta miƙo wani ƙullin hankici. "Ta ce idan mutanenta sun zo a ba su, na coci ne." Baikonta ne na makonnin da ba ta je ba, 'yan naira ashirin da hamsin a nannaɗe.

Mutum goma muka binne ta, saboda dokar taro. Huɗu daga cikin goman maƙwabtanta ne.

2020 zuwa 2022: ziyara, lissafi, da bencin baya

A zaman dattawa na farko bayan an buɗe gari, Baba Fasto ya ajiye ƙullin hankicin a kan tebur, ya karanta Ayyukan Manzanni sura 6, inda aka yi gunaguni a ikilisiyar Urushalima domin ana manta da gwaurayen wani sashe a rabon abinci, har aka zaɓi mutum bakwai don aikin. Ya nemi a ba shi littafin membobi. Shi ke nan abin da ya nema.

Ya ɗauki tsohon telan nan a bayan babur, suka fara bin gidaje, uku ko huɗu a rana, Litinin zuwa Alhamis. Ba ya wa'azi a gidan kowa. Yakan zauna, ya sha ruwa, ya tambayi lafiya da yara da sana'a, ya yi addu'a gajeriya. Idan mutum ya fara ƙorafi sai ya bar shi ya ƙare. Aikin ya ɗauki wata 14. Daga sunaye 610 da ke littafin, an tarar 140 sun bar gari ko sun koma wata majami'a, 9 sun rasu ikilisiya ba ta sani ba. Tela yakan ce masa, "Baba, ai dama zumunci a ƙafa yake, mu ne muka saya masa sifika."

Ƙorafin da ya fi maimaituwa a gidajen guda biyu ne, kuɗin rufi da maganar yarinyar nan. A 2021 aka roƙi masu binciken kuɗi biyu daga wata ikilisiya su duba littattafan gini. Suka gano cewa yawancin giɓin daga tashin farashin kaya ne da sayayyar da ba a karɓi rasit ba, amma akwai wani kaso da shugaban kwamiti ya ranta don wata bukatarsa bai mayar ba. Aka karanta rahoton a haɗaɗɗiyar sujada, da Hausa da Turanci. Mutumin ya miƙe ya amsa, ya nemi gafarar ma'aji da ta ikilisiya, ya biya kaɗan-kaɗan cikin wata goma. Wasu 'yan ƙabilarsa sun yi fushi cewa an tona masa asiri, iyali biyu suka tafi.

Maganar yarinyar ta fi wuya. Sai da Baba Fasto ya je gidan dattijon sau biyar. A ƙarshe dattijon ya sauka daga kujerarsa, ya je gidan mai ƙosai tare da matarsa, suka ɗauki nauyin karatun jikansu. Uwar ta dawo sujada. Yarinyar ba ta dawo ba, tana zuwa wata majami'a a Samaru, ta kuma aiko cewa ta yafe amma ba za ta iya sake ganin bencin nan ba. Dattawa suka sa aka daina ware benci don masu horo, aka kuma rubuta cewa kafin a kai maganar kowa gaban jama'a sai an bi matakan Matiyu 18, a same shi shi kaɗai, sannan da shaidu, ko ɗan wane ne.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. Baiko ya koma ɗaya ban da zakka, aka daina karanta sunaye, ana manna lissafin wata a allon sanarwa. Aka soke tara. Aka farfaɗo da addu'o'in unguwa a rukuni tara, kowane da dattijo ɗaya da mace ɗaya daga Zumuntar Mata, su ne kuma ke kawo sunayen marasa lafiya da waɗanda ba a gani ba a farkon kowane zaman dattawa, kafin maganar kuɗi. Lahadin farko a wata ana haɗa sujada da tafinta, a ci Jibi tare. Wata malamar firamare mai ritaya ta buɗe ajin karatun Hausa ga yara ran Asabar.

Ba duka ne ya kama ba. Rukuni biyu a unguwannin ma'aikata sun mutu cikin wata shida, gidajen masu katanga ne, kowa yana jin nauyin buɗe falonsa. Ɗalibai da yawa suna ƙaurace wa haɗaɗɗiyar sujada domin ta cika tsawo. Manyan masu bayarwa biyu sun janye hannu, gini ya tsaya cak.

2022 zuwa 2024: inda aka tsaya

Yajin aikin malaman jami'o'i daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022 ya kwashe ɗalibai daga gari, sujadar Turanci ta koma layi biyar. A nan aka ga cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na cikar da ake alfahari da ita masu wucewa ne. Ƙarancin takardar kuɗi a farkon 2023, da cire tallafin mai ran 29 ga Mayu na shekarar, suka sa kuɗin Keke Napep ya gagari iyalai masu yara da yawa. Rukunonin unguwa, da ake zuwa da ƙafa, su suka riƙe mutane a wannan lokaci, har wasu suka fara adashin hatsi don gwauraye.

A ƙarshen 2024 masu zuwa Lahadi wajen 340 ne, ƙasa da na 2009, nesa da na 2016. Laraba ta kai 95. Masu addu'ar asuba, idan aka haɗa na majami'a da na unguwanni, sun kusa 70. An yi wa manya shida daga waje baftisma a shekarar. Babu wanda ya rasu ba a sani ba.

Abin da na ɗauka ya jawo sanyin

Idan ka tambayi membobi, amsa huɗu za ka ji: bam, sababbin coci-coci, waya a hannun matasa, da Shaiɗan. Ban raina ko ɗaya ba, amma lissafin bai goyi bayan ukun farko ba. Bayan 2012 mutane sun dawo cikin shekara ɗaya da rabi, kuma ikilisiyar da aka ƙone a 1987 ta fito da ƙarfinta. Waɗanda suka koma wasu majami'u sun tafi ne bayan abubuwan da suka faru a 2017, da ciwo a zuciya, kiɗa bai ja su ba. Game da na huɗun kuwa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A ganina tsagewar ta fara a 2010, ranar da aka canza ma'aunin dattijo daga wanda ya san gidajen mutane zuwa wanda ya san takarda. Tsaron 2012 ya zama dole, amma ya ba da hujjar ajiye abubuwan da dama an fara gajiya da su, shi ya sa ba a ɗauko su ba da hankali ya kwanta. Raba sujada ma yana da dalilinsa, laifin shi ne yadda aka bar sashe ɗaya da ragowar lokaci da ragowar mai wa'azi. Da 2017 ta zo, ikilisiyar ta riga ta koya wa mutanenta shekara bakwai cewa akwai masu daraja akwai 'yan cika benci, irin abin da wasiƙar Yakubu sura 2 ta tsawata a kai. Horon yarinyar ya tabbatar musu da abin da suke zargi ne kawai.

Falkaswa da kayan kiɗa da azumi sun gaza domin duk a kan mumbari aka yi su, ana neman mutane su ƙara zafi ga Allah alhali ba a taɓa abin da ke tsakaninsu da juna ba. Ziyara ta yi aiki domin ita ce ta fito da ainihin ƙorafin, ta kuma sa mutane suka yarda da Baba Fasto har ya iya taɓa maganar kuɗi da ta ɗan dattijo ba a ce ƙabilanci yake yi ba. Da ya fara da binciken kuɗi a watansa na farko, ina jin da ikilisiyar ta dare biyu. Nawa laifin kuma shi ne littafin: shekara da shekaru ina ƙirga kawunan Lahadi ina kai rahoto mai daɗi, alhali lambobin Laraba da na asuba suna shafi na gaba suna faɗuwa.

Maganar matasa ba a warware ta ba, yawancinsu har yanzu waƙa suke zuwa yi. Baba Fasto ya kusa ritaya, telan kuma ƙafa ta fara ba shi wahala, ba ya iya hawa babur. Littafin ziyarar yanzu yana hannun shugabannin rukunoni bakwai da suka rage. A zaman dattawa na ƙarshe da na halarta, bayan an karanta sunayen marasa lafiya, wani ya ɗaga hannu ya ce lokaci ya yi da za a kafa kwamitin gama silin da bene, a kuma yi ƙaddamarwa. An ɗage maganar zuwa zama na gaba.